Littafin Tarihin Hisham

Hindawiyya, Makka

Zuwa ga Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwar da sanyin Amurka yake tayar maka. Mu nan sai godiya. Alhazai sun watse, gari ya yi sarari, baban yara yana nan yana buga-bugarsa, 'yata Asma kuma ta fara karɓar ɗinkin maƙwabta.

Maganar ɗan naka, yarona Hisham, ce ta zaunar da ni rubutu. Ka san tun da rashin iƙama, takardar izinin zama, ya hana shi shiga makaranta nake koyar da shi a gida, kuma makarantar intanet ɗin da ka sa shi ta ce babu takardar kammalawa sai ya ci tarihin Amurka. Lissafi da kimiyya ya wuce su ba gardama, tarihin nan ne ya kafe a kai. A jerin littattafan da suka aiko na zaɓi mafi kauri, don ni a sanina littafi mai nauyi shi ne mai ilimi, na kuma bi da shi yadda aka bi da mu a gaban malam: in karanta, ya maimaita, gobe ya kawo hadda. Yaro ya yi ta rera sunayen shugabanni da shekarun yaƙi kamar mai tilawa, rannan ya rufe littafin ya ce mini da Larabcinsa wai me ya haɗa shi da mutanen da ko ƙasarsu ba za a bar shi ya taka ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai shekara goma sha shida kuwa ya fara bushewa.

Da aikin hajji ya kama, ya fita tura arabiyya, keken tsofaffin nan, ta wajen Aziziyya. A nan ya tura wata tsohuwa Ba'amurkiya, baƙa kamar marigayiya Inna. Ta tambayi asalinsa, ya ce Kano. Wai sai ta riƙe hannunsa ta ce ya gode wa Allah, ita kakanninta a ɗaure aka kai su can cikin jirgin ruwa, ba ta san garinsu ba, ba ta san sunan ko ɗaya ba. Ya dawo bai taɓa abinci ba. Ya ɗauko littafin da kansa ya yi ta juyawa, ya tarar da 'yan shafuka kaɗan a kan bayi, ya tambaye ni ko iyakar abin da aka rubuta a kansu ke nan.

To Yaya, a jerin akwai wani tsarin da aka ce an gina shi a kan labaran mutane daga bakinsu, bayi da baƙin haure da manoma, har da bidiyo. Turancina bai kai in tantance ba. Don Allah ka duba mana shi, ka kuma tambayi makarantar ko za su yarda a canza a tsakiyar shekara. Kada ka ja lokaci, don a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Tsoro nake ji ƙwarai. In bai samu takardar nan ba, arabiyya ce sana'arsa har ranar da za a kama shi.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi tsaya mini a rai. Jiya ya tambaye ni, in aka kama shi aka sauke shi a Kano, wace unguwa zai ce a kai shi, a gidan wa zai yi sallama. Inna da Baba sun rasu, gidan an sayar, ni kuma abin da na sani ya tsaya a kan Kaka. Kai ne babba. Ka rubuto masa waɗanda suka rage mana da inda suke, da sunayen kakanninmu iya inda ka sani, tun kana nan.

A gaishe mini da Anti Zinariya, da Mudassir, da Khairiyya 'yar auta. Baban yara yana gaisuwa. Ina sa ku a addu'a duk ranar da na samu shiga Harami.

Ƙanwarka,
Khadijatul Kubra