Bindigar marigayi na shirin barin ɗakina

Assalamu alaikum 'ya'yana na wannan zaure. Ni ban yi boko ba, magana na yi a waya admin ta rubuta, ta kuma ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni tsohuwa ce a Nuzla, nan Jidda, na fi shekara talatin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, kafin mu zo ƙasar nan maharbi ne, ba na wasa ba. In birai suka addabi gona a garinmu shi ake aiko wa. Bindigarsa mai lasisi ce, irin mai ƙarfe a gefe kamar sakatar ƙofa, sai ka ɗaga ka ja baya, ka tura ka kwantar, sannan harsashi ya hau. Da za mu taho ya bar ta amana hannun ƙaninsa. A al'adar maharbanmu kuwa ba a miƙa wa ɗa bindigar ubansa haka kawai, sai ya harba a gaban sarkin baka an gani, in ya kasa ta koma hannun wanda ya iya a dangi.

Ɗana guda ne namiji, a nan na haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Gonar kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, yake kula da ita can wajen gari, kuma shi ke harbe musu birai da dila. To bindigar kafilin ta zamani ce, ita ba a ɗagawa, ja kawai ake a tura, fat-fat. Kullum yana yabonta, wai biri ba ya jiran mutum, kafin mai irin ta ubansa ya harba ɗaya shi ya harba uku. Nakan ce masa ubanka ɗaya yake harbawa ya taho gida, wannan ɗagawar ita ke sa mutum ya numfasa ya duba da kyau. Sai ya yi dariya ya ce ya ummi zamani ya wuce nan.

Bara na matsa masa ya je gida ya karɓo gadonsa. Ni da bakina na buga waya gida-gida, na ce ɗan maharbi na zuwa, wanda Larabawa ma ke ji da shi. Aka taru a bakin gonar masara, biri ya fito, ya harba ya kuskure. Wannan ba komai. Amma da zai sake, sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya kama sakatar yana ja bai ɗaga ba, ta ƙi, yana ta kokawa da ita yana yalla yalla, biri na zaune yana ɓare masara. Ɗan baffansa ya karɓa ya ɗaga a hankali ya kayar da birin. An ce har wani ya tambaya ko a Jidda birai ne ke ɗana wa mutum bindiga. Matar baffan ce ta kira ta ba ni labari, wai jaje take min, ina jin dariya a ƙarƙashin muryarta.

Sarkin baka ya yi mana kara saboda marigayi, ya ce a sake gwadawa da kakar bana, in bai zo ba shi kenan. Na gaya wa ɗana, ya ce halas, wato shi kenan, tsohon ƙarfe ne su riƙe, kuma kafili ya ce in ya sake tafiya bana kada ya dawo, ga iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a hannun mutumin, ga mata da 'ya'ya uku. Na ce ƙarfen ne ya ciyar da ubanka har ya kawo mu nan. Sai ya ce to me ya sa ban taɓa tura shi gida ya koya ba. Wallahi kuwa marigayi ya so tura shi, ni na hana, na ce ɗana ba zai yi yawon daji ba.

Na san in na ce ban yafe ba, zai tafi, ko da aikin zai salwanta, bai taɓa tsallake maganata ba. Kalmar na bakina tun Azumi, ban furta ba, ban kuma haɗiye ba. Masara ta kusa nuna a gida. Ku gaya min, in furta, ko in zauna ina ji a kira ɗan wata magajin mijina?