Mafarkin da Hajara ta ɓoye

Jos, daren Laraba, tsakiyar damina

Baturen ofishinmu na kuza zai koma gida, ya bar mini littafin waƙoƙin Faransawa da aka juya zuwa Turanci. Ba kai ba gindi: kifi na barci cikin agogo, ƙofa na kuka. Bayan isha na riƙa juya wa matata Hajara su da Hausa, ko za ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun rasuwar ɗanmu.

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, wannan ba hauka ba ne, mafarki ne. Ba wanda ya gaya wa mawaƙin ba a faɗin mugun mafarki?"

Na ce wataƙila nauyi ya yi masa.

Can ta ce ita ma kullum a mafarki tana ganin yaron yana tafiya bisa ruwan tsohon ramin kuza, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi. Wata biyar tana tofarwa hagu tana haɗiyewa, ni kuwa ina gefenta ina ta minshari. Kaicona.

Yanzu ta yi barci, hannunta kan littafin. Gobe da asuba zan tambaye ta me ta gani.