Buzuzun da Ke Ɗauke da Sunan Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba?

Yaya, wata magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai zan iya fara gaya wa. Ka san ɗan buzuzun nan na Baba, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ya gano tun kafin a haife ni, ya sa masa sunan Mama. Tun bara aka ba ni aikin sake tantance danginsa gaba ɗaya, don an daɗe ba a waiwaye su ba. Na aro samfura daga wasu gidajen ajiyar ƙwari na waje. A cikinsu akwai wani tsoho, manne da gam a ɗan kwali da ke soke a jikin allura, takardarsa har ta yi ja don tsufa. Wani masani ne ya raɗa masa suna tun Baba bai shiga makaranta ba. Ina sa shi a ƙarƙashin madubin bincike na gane shi. Na Baba ne sak. Ɗige-ɗigen bayansa, tsarin ƙahonninsa, komai.

A ƙa'idar aikinmu, idan halitta ɗaya ta samu suna biyu, wanda ya riga shi ke zama, na baya a sauke shi. Ka ga ke nan da hannuna zan sauke sunan Mama.

Na rubuta rahoton, yana cikin durowa, na kasa aika wa mujalla. Kullum in na shiga ɗakin ajiya, warin kafur ya buge ni, sai in tuna ɗakin karatun Baba. Ta ina zan fara gaya masa?

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikis salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki.

Na karanta wasiƙarki a shago, kaina cikin firjin wani, har sai da na fito na zauna. Ni dai mai gyaran firji ne, ban san ƙa'idarku ba, amma ina da tambaya: wa ya aike ki? Ƙwari sun cika duniya, ko a bayan shagona akwai waɗanda ba wanda ya taɓa tambayar sunansu. Duk ba su ishe ki ba sai na gidanku?

Akwai abin da ba ki sani ba, don shi ya hana a gaya miki. Idon Baba ya tafi. Yana ganin haske da inuwar mutum, shi ke nan. Littattafan nan nasa yanzu sai dai ya shafa bayansu. Amma ko mai karanta mitar wuta ne ya shigo, sai ya zaunar da shi a baranda ya ba shi labarin buzuzun. Ya ce duk inda ake karatun ƙwari a duniya, dole a ambaci sunan matarsa. Ranar nan har da mai gyaran famfo, bawan Allah ya zauna yana gyaɗa kai, ruwa na ta zuba a kicin.

Tsohon nan ba shi da gida na biyu, bai tara komai ba, abin da ya rage masa ke nan. Shawarata, ki bar takardar a durowa. Buzuzu dai ba zai kai ki ƙara ba. In Allah ya yi abin da zai yi, sai ki buga abinki.

Ki yi haƙuri in na yi zafi.

Yayanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Yaya, na san kai za ka karanta masa. Don Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya. Na bi shawararka na wani lokaci, na rufe durowar. Sai na tarar ina zaune ina jiran mutuwar mahaifina don in buga takarda. Wannan ya fi ƙarfina.

Baba, na ji labarin idonka. Na yi kuka, na kuma yi fushi da aka ɓoye mini. Shi ya sa ni ba zan ɓoye maka nawa ba.

Na samu ainihin samfurin tsohon buzuzun nan da ka kwatanta naka da shi. A lokacinka zanensa kawai ka gani a littafi, ni kuwa ga shi a gabana. A iya ganina, shi da naka abu ɗaya ne. In haka ne, sunan da ka sa zai sauka, tsohon ya zauna.

Ban aika wa mujalla ba. Kai ka fara ɗora idona a kan madubi, ina tsaye a kan kujera don ban kai tebur ba. Ba zan so ka ji wannan a bakin wani ba. Abin da ka gani, ka faɗa mini.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Wa'alaikis salamu wa rahmatullah. Ina amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Yayanki ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya so ya tsallake wani wuri a wasiƙarki, na ji muryarsa ta sauya, na ce ya koma baya.

Ban yarda ba tukuna. "A iya ganina" ba hujja ba ce, kin san ban taɓa karɓar wannan daga ɗalibi ba. Ki ɗauko namiji, ki duba ƙafarsa ta baya. A nawa akwai 'yar ƙaya a cikin cinya, ta lanƙwasa kamar ƙugiya. Tsohon masanin bai zana ta ba, bai kuma ambace ta ba, alhali mutum ne mai lura. A kan wannan ƙayar na tsayar da hujjata. Idan babu ita a nasa, to biyu ne, ki yaga rahotonki.

Bari in gaya miki abin da ba ya cikin kowace mujalla. Ba ni na fara ganinsu ba. Muna gidan haya a lokacin, akwai wani ruɓaɓɓen kututture a bayan ɗaki, kusa da inda mahaifiyarku ke wanki. Su suka riƙa faɗa mata cikin baho. Ta tsince su a kwalbar turare ta kawo mini, ta ce, "Ga 'yan uwanka nan sun hana ni aiki." Ranar da na nuna mata sunanta a buge, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wasu mazan zobe suke saya wa matansu." Amma mujallar a ƙasan akwatinta muka same ta bayan rasuwarta, naɗe cikin gyale.

Ki duba ƙafar. Kada ki duba don ki faranta mini, kada kuma ki duba don ki kayar da ni.

Mahaifinki

(Auta, ni ne Yaya. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ya bar aiki. Har gyara mini rubutu yake yi, shi da ba ya gani.)

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata ka tashi lafiya.

Na duba. Ƙafafun tsohon samfurin a naɗe suke a ƙarƙashin cikinsa, ga busasshen gam ya rufe su. Na nemi izinin masu shi, na turara shi da tururi har ya yi laushi, na buɗe ƙafar da bakin allura. Kafin in duba, sai da na ajiye allurar na fita na zaga na dawo. Wallahi Baba addu'a nake yi kada in gan ta.

Tana nan. Ƙarama ce ƙwarai, amma ta lanƙwasa kamar yadda ka faɗa. Gam ne ya ɓoye wa tsohon masanin ita. Na jera duk mazan da ke hannuna daga ƙarami zuwa babba: ƙayar tana girma ne da girman jiki. Naka manya ne, nasa ɗan tsurut. Gwajin ƙwayoyin halitta da muka yi wa sababbin kamu daga inda ka samo naka da inda ya samo nasa shi ma bai raba su ba.

Kai ka fara ganin ƙayar nan a duniya, kuma haka zan rubuta. Amma buzuzun ɗaya ne.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Auta

*

'Yata,

Wa'alaikis salam. Allah ya yi miki albarka.

Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma aikin ya yi kyau. Da ni ne, ban tabbata zan iya buɗe ƙafar nan ba tare da na karya ta ba.

Ki buga. Sunan mahaifiyarki zai zauna a ƙarƙashin tsohon suna, a jerin waɗanda aka sauke, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ki tsaya a kan masu ɗab'i su rubuta shi daidai.

In kin gama ki zo gida da rahoton, ki karanta mini da bakinki. Yayanki yana iya ƙoƙarinsa, amma in ya zo kan sunayen Latin sai ka ce yana tauna tsakuwa.

Mahaifinki