Katin Baba Yana Zuwa Kallo, Baba Yana Gida

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin duniya ya ishe ni. Saura kwana goma sha biyu, ko dai in tona wa kaina asiri, ko in rufe ƙaryar da na yi da wata wadda ta fi ta girma. Ba zan faɗi sunan garinmu ko na ƙungiyarmu ba, duk da na san wanda ya taɓa shan ruwan sama a rumfarmu ta 'yan kallo da ke bayan turakun filin wasa zai gane mu.

Shekarata hamsin da ɗaya, goma sha tara daga ciki na yi su ne a ofishin tikiti na ƙungiyar zari-ruga ta garinmu, irin wadda 'yan wasa goma sha uku ke bugawa a kowane ɓangare. Babana, Wilf, shekararsa saba'in da takwas. Tun shekarar da ya fara shiga ramin kwal bai taɓa fashin wasan gida ba, in aka cire shekarar annoba da aka kulle kowa a waje. Ran da aka haife ni ma Lahadi ce. Ya leƙa asibiti, ya ƙirga yatsuna ya ga sun cika, ya ce wa Mama zai dawo in an tashi. Har ta koma ga Allah tana yi masa gorin wannan ranar, shi kuma yana cewa ai mun ci wasan.

Haka na taso na gan shi. Lahadi a ci gasasshen nama, biyu da kwata ya naɗa mayafin ƙungiya a wuya, ya ɗauki filas ɗin shayi, ya biya wa amininsa Arnold, su gangara fili suna zagin alƙalin wasan da ko usur bai hura ba tukuna. Ƙarfe uku a take wasa. Bana ce shekararsa ta sittin.

To bana ɗin ce masu talabijin suka ce ranar Alhamis ƙarfe takwas na dare suke son mu. Cikin wasannin gida goma sha uku, tara aka kwashe aka kai Alhamis. Anti, wa zai zo? Masu yara suna da makaranta da safe. Motar ƙarshe ta ƙauyukan tudu tana tashi tara da ashirin, ana tsakiyar zagaye na biyu. Magoya bayan baƙi kuwa ba wanda zai tashi daga aiki ya haye duwatsu cikin cunkoso don ya zo ya tarar an yi rabin wasa. Da muna tara dubu bakwai ran Lahadi. Yanzu kawunan da ke shigowa ba su kai dubu uku ba. Amma abin da ake sanarwa ya fi dubu biyar, domin duk mai katin shekara ana lissafa shi, ya zo ko bai zo ba. Arnold ya rasu tun Afrilu, har yau ba ya fashi. Kuma ni ce nake rubuta adadin a 'yar takarda in miƙa wa mai lasifika.

Ba wannan ce ta hana ni barci ba, wannan kowace ƙungiya tana yi. Ga tawa ƙaryar. Baba yana zuwa wankin ƙoda Talata da Alhamis da Asabar, kuma duk ran da aka yi masa sai ya dawo kamar tsumman da aka matse. Alhamis ta farko ya dawo ƙarfe shida, ya ƙi kwanciya, ya naɗa mayafinsa, ya ce ko da rarrafe sai ya je. Bai wuce ƙofar shingen gida ba ƙafa ta ƙi. Ya zauna a kan dakali yana haki, ya daɗe yana kallon hasken fitilun fili ta saman rufin gidaje, sannan ya ce, "Shi ke nan, 'yar nan, mai da ni ciki." Ya ciro katinsa ya sa a bayan agogon falo. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a jana'izar Mama ban gani ba.

Da zan fita sai na zare katin. Wallahi ban shirya ba, hannuna ne ya yi. Na je ƙofa ta huɗu kafin a buɗe wa jama'a, na goga shi a na'ura, ta yi ƙara, ta rubuta cewa Wilf ya shigo. Na ce sau ɗaya ne, don kada shekara hamsin da tara su tafi a banza saboda wasu mutane a birni da ba su san hanyar garinmu ba. Yau sau takwas ke nan. Ran Juma'a kafin ya tashi nake mayar da katin. Wasannin Lahadi guda huɗu kuwa da ƙafarsa ya je, ya ɗauki katinsa inda ya ajiye, bai ga komai ba.

Shi a saninsa tikiti kawai nake sayarwa. Yana kallon wasan Alhamis a talabijin, da safe kuma ni ce mai shan ƙorafi. Makon jiya ina shafa masa man shanu a burodi ya ce, "Dubu biyar da ɗari huɗu wai! A ina? Tantabarun kan rufi suka ƙirga? Ni na ga kujerata, fayau take. Duk wanda ya rubuta wannan, uwarsa ba ta yi masa tarbiyya ba." Na ce masa shayinsa zai huce. Na shiga banɗaki na sha kukana.

Yanzu ga inda ta kai ni. Shugaban ƙungiyarmu, Mista Holroyd, ba mugun mutum ba ne, sai dai daga ɗakin gilas na sama yake kallon wasa, na'ura ce idonsa. Ran Litinin ya kira ni baki har kunne. Wai ya duba ya ga mutum ɗaya tak ne bai yi fashi ba, shekarun baya kowa shaida ne, na bana kuma na'ura ta shaida. Wasan gida na ƙarshe Alhamis ne. Yana so a aika mota ta ɗauko Baba, a fito da shi tsakar fili a gaban talabijin, a ba shi allon tagulla mai cewa shekara sittin ba fashi, a kuma sa sunansa a rumfar bayan turaku. Mako guda bayan nan shugabannin ƙungiyoyi za su zauna su yanke ko a ƙara shekara uku ana wasan Alhamis, kuma da hoton Baba zai tafi wurin. Ya ce min, "Kin gani? Tsoho mai saba'in da takwas yana zuwa ran Alhamis, sai wani ƙato ya ce min mota ce ta hana shi?" Ni kuma, uwar tsoro, na ce Baba zai ji daɗi.

Takardar gayyatar tana cikin jakata kwana biyar, na kasa miƙa ta. Mijina ya ce in bar tsoho ya karɓi allonsa, wa zai mutu? Ya ce in ce wa Baba karramawar tsofaffi ce kawai. Kuma gaskiya zuciyata tana so. Likita ya kira ni gefe ya ce zuciyar Baba ta gaji, kada mu yi dogon lissafi. Ina son in ga mutane sun tashi tsaye suna tafa masa ko sau ɗaya. Amma mutumin da ya fi kowa ƙin Alhamis, da fuskarsa za a binne Lahadi. In kuma na faɗi gaskiya, aikina yana iya tafiya, Baba kuma zai san wace ce wadda uwarta ba ta yi wa tarbiyya ba. Gaba kura, baya sayaki. Anti, ya zan yi?

Taki,
Mai Ƙirga Kujeru

*

'Yata Mai Ƙirga Kujeru,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga muguwar mace a ciki ba. Na ga 'ya wadda ta ga babanta yana kuka a kan dakali, ta rasa abin da za ta ba shi. Amma tunda shawara kika nema ba lallashi ba, bari mu raba kayan nan, domin kin ɗaure su a ƙulli ɗaya.

Mista Holroyd yana da tasa hujjar. Kuɗin talabijin ne yake biyan 'yan wasa da mai aske ciyawa da ke kanki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiyar da ta ƙi Alhamis tana iya wayar gari ba ta da Lahadin ma. Lissafa masu katin da ba su zo ba kuma ba ke kika ƙirƙiro shi ba. Al'ada ce mara kyau, amma kin same ta ne, don haka ki sauke wannan daga kanki yau. Mijinki ma ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa.

Sai dai shawararsa ba za ta kai ku ko'ina ba. Babanki ƙoda ce ta gaza masa, ba ido ko ƙwaƙwalwa ba. Mutumin da yake ƙirga kujeru ta talabijin zai iya karanta allon tagulla a hannunsa. Ki ɗauka an miƙa masa a tsakar fili, ya ga "ba fashi", ga lasifika a bakinsa. Me kike tsammani zai ce? Kuma waɗanda suke zama kusa da kujerarsa sun san sau takwas fayau take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata, kuma naki a gaban dubban mutane zai ƙure.

Ga abin da nake so ki yi. Babanki ne farko, kafin kowa. Kada ki zaɓi ranar wanki, ki bari sai Lahadi ya ci ya huta. Ki ɗauko katin a gabansa, ki faɗa masa sau nawa, da dalili, da maganar 'yar takardar mai lasifika. Duka a zama ɗaya, kada ki rage na gobe. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya kwana biyu bai kula ki ba. Ki jure, haƙƙinsa ne. Sannan ki miƙa masa takardar gayyatar, domin sunansa ne a kai, ba naki ba.

Ran Litinin ki shiga wurin Mista Holroyd da ƙafarki, ki rufe ƙofa. Kada ki je jarida, kada ki yi guna-guni a ofis. Ki ce kin goga kati sau takwas ba da izini ba, kuma kin zo ne kafin ya ɗauki hoton ƙarya ya kai gaban takwarorinsa ya sha kunya. Ba zan ce miki aikinki yana nan daram ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma shekara goma sha tara suna da nauyi. Ki tafi masa da adadin waɗanda suka shigo da ƙafarsu kowace Alhamis. Ko ya yi amfani da shi ko ya ƙi, kin fita.

In Baba ya yarda a karrama shi, a rubuta abin da ya faru: shekara hamsin da tara, har zuwa ran da aka mayar da wasa Alhamis. Ki tambayi asibiti ko za su matsar masa da wankin ranar wasan zuwa safiya. In sun ce a'a, ko shi ya ce ba ya so, kada ki matsa. Mai yiwuwa ba za a tafa masa ba, mai yiwuwa kuma a ƙara shekara ukun duk da haka. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi zafi. Kin ce kin goga katin ne don kada shekarunsa su tafi a banza. Ba su tafi ba, ya riga ya yi su da ƙafarsa. Kujerar nan da yake gani fayau a talabijin ita kaɗai ce ƙuri'ar da ta rage masa a kan wannan lamari, kuma sau takwas kina jefa ta a akwatin da ba ya so. Tun yana da sauran numfashin da zai yi miki faɗa ya kuma yafe miki, ki mayar masa da abinsa.

Allah ya ba Wilf sauƙi, ya jiƙan Arnold, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya ran Lahadi.

Anti Glenys