Wannan Ba Hannun Baba Ba Ne

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya mai ɗakinka da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da ƙurar wurin haƙar ma'adinai ta sa min. Kada ka faɗa wa Inna.

Ka san waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na sayi babbar rediyon oba-oba, wadda ko numfashi aka yi a bangon duniya sai ta jawo shi. Kullum da safe Baba yakan ƙwanƙwaso min gaisuwa da maɓallin tsohon injinsa na talgiram, inda gajeren bugu da dogo suke zama haruffa, yadda ya koya mana muna yara.

Kowane mai bugawa da irin hannunsa. Na Baba yana ɗingishi a tsakiyar kalma, saboda yatsansa da ya taɓa karyewa. Da na ji ɗingishin nan hankalina yake kwanciya.

Yau kwana tara saƙon yana zuwa sumul, da sauri: "Kowa lafiya." Na sauya eriya, na murɗa duk abin murɗawa, ina addu'a laifin injina ne. Injin ƙalau yake. Na roƙa a yi magana da baki, aka ce makirufo ya lalace.

Hannunka ne, Yaya. Tun muna yara kake gaggawa. Na kasa tambayarka ta iska, duniya tana ji.

Don girman Allah, kada ka ƙara bugo min "lafiya". Ina Baba?

Ƙaninka.