Yawuna a Cikin Kwalba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ƙafar Baba? A shafa min kan Auta.

Yaya ya ce kin daina barci tun da kika ji ina tofa yawu a kwalba ina ba baƙi, har kin ce in dawo gida kafin su yi min asiri.

Haƙorina ne ya yi rami. Ba wani ciwo ba ne, na dai daɗe ina tauna da gefe guda. A asibitin da aka cike min shi ana gwada wani magani, shi ne suka roƙi yawunmu. Wai Allah ya sa wa yawu wasu 'yan sinadarai masu kashe ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori, su suke kwaikwaya.

Jiya da safe na gaya wa likitar da ke gwajin irin tsoron da kike ji. Ta yi dariya ta ce, "Zo ka ga asirin." Ta kankaro dattin haƙorina, ta sa masa launi, ta ɗora a na'urar da ke girmama abu. Ƙwayoyin cutar masu rai kore ne, cunkus. Ta ɗiga maganin, muka yi ta jira, sai koren ya fara komawa ja, wato sun mutu.

Ta ce gwaji ne tukuna, kada in bar goge baki. Auta ma ta rage alawa.

Don Allah ki bar ni in zauna. Ba ni kaɗai na gani ba. Dogo direba, ɗan ƙawarki, ya rako ni, ya leƙa, ya yi a'uziyya ya toshe bakinsa. Ki tambaye shi.

Ɗanki