Ni Na Kai Kaset Ɗin Rawar Surukata Gidan Kallo

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Ni tsohuwa ce a unguwar Mayo, ban taɓa zama a aji ba. Wata baiwar Allah da ba ta san kowa nawa ba ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na sa ta canza sunaye. Don Allah kada ku yi saurin zagina, wanda nake yi wa kaina ya isa. Ku ji ni har ƙarshe.

Duk unguwarmu an san ni da ƙin fim. Da sojoji suka hau mulki sinimomin cikin gari suka fara mutuwa, na ce alhamdu lillahi, ashe ƙazantar har gida za ta biyo mu. Wani Bashir ya kafa rumfar kwano a bayan layinmu, nadi suke ce mata, ya sa talabijin da bidiyo da bencina. Daga la'asar ba abin da kake ji sai waƙar Indiyawa da harbe-harbe da ihun fatalwa, ƙarti da gemunsu zaune baki buɗe, wurin na warin taba da zufa. Ni na ja matan layinmu muka kai ƙara wajen kwamitin unguwa, 'yan sanda suka rufe wurin, ba a jima ba ya sake buɗewa. Ko ta gabansa ba na bi, gara in zagaya ta bakin kwata.

Ɗana Usman makanike ne a Omdurman. Bara ya auro Nafisa daga Kalakla, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. A bikin aka yi rawar amarya irin ta mutanen Omdurman da yaranmu suka ɗauka, wadda amarya ke fitowa da guntuwar riga da lalle da zinariya ta yi rawa gaban mata zalla, ba namiji sai angonta. Suka ce za a ɗauka a kaset, na ce ban yarda ba. Uwarta ta ce, "Hajja, mace ce za ta ɗauka, kuma ba zai bar ɗakinsu ba." Sai na ƙyale su. Daga baya Usman ya sayo tsohuwar bidiyo wai don kallon bikinsu. Bikin nawa ne za a yi ta kallo? Ai kafin in ankara ya fara aro kaset daga wajen Bashir.

Wata Juma'a da rana na shiga ɗakinsu, sai na ga gawa a talabijin tana fitowa daga kabari, fuska a ruɓe, tsutsa na zuba daga baki, su kuma suna zaune suna cin kisra da miya. Na ce, "Usman, mene ne wannan?" Ya ce, "Yumma, wasa ne, roba ce da jan fenti." Na ce, "A gidan da ake salla? Kana cin abinci?" Ya yi dariya ya ce in zauna in ga ƙarshe, ai malami zai zo ya kore ta. Nafisa ce ta tashi ta kashe, tana cewa, "Ma'alesh, yi haƙuri Hajja, ba za a sake ba."

Washegari ya tafi aiki, ita ta tafi gaida wata mai jego. Na shiga na ga kwalin a kan tebur da hoton ruɓaɓɓiyar fuskar nan a jiki. Na girgiza na ji da kaset a ciki. Na naɗe shi a bakin tob ɗina, wato mayafina, kamar mushen ɓera, na jira azahar lokacin da Bashir ke masallaci, na shiga rumfar da na rantse ba zan taka ba, na wurga shi cikin tulin kaset ɗinsa, na tofar da yawu na fito. Ba wanda ya gan ni. Akwai rubutu a jikin kaset ɗin, na gani da idona, amma ni me na sani a rubutu? Hoto na bi. Ban san sun cire na bikin daga na'urar sun ajiye shi cikin wannan kwalin ba, fim ɗin kuwa yana nan cikin bidiyo.

Da la'asar Bashir ya cika rumfa, ya zura kaset ɗin, ya fita neman man janareto. Nafisa ta fito a talabijin. Jama'a, wannan ne abin da ke tayar mini da zuciya har yanzu: ba wanda ya tashi ya kashe. Ko mutum ɗaya. Maza da suka ci tuwon bikin nan, masu durƙusa mini da safe suna "ina kwana Hajja", suka zauna suna kallon matar maƙwabcinsu, wasu har da fito. An ce wani mai jikoki cewa ya yi a ƙara murya. Sai da Bashir ya dawo ya fizge shi, ya kawo ƙofar gidanmu. Yanzu in na wuce majalisarsu suka gaishe ni, ji nake kamar in yi amai a kan tabarmarsu.

Usman ya dawo an riga an faɗa masa a cikin hafila, motar haya. Ina zaune a tsakar gida ya ja Nafisa ya fito da ita. Ya ce, "Ke kika mayar da kwalin?" Ta ce, "Wallahi ban taɓa shi ba." Ya ce, "Mu uku ne a gidan nan. In ba ke ba, wa? Yumma ce za ta je nadi?" Sai yarinyar nan, tana kuka, ta ce, "A'a, kada ka sa Hajja a ciki, ita ko kwalin ba za ta iya taɓawa ba." Kun ji? Ita ce ta kare ni. Ni kuwa bakina ya buɗe, kun san abin da ya fito? Cewa na yi, "Dama na faɗa, gidan da fim ya shiga ba ya ganin alheri." Na faɗa, na gyara tob ɗina na shige ɗaki.

Usman ya ce sakaci zai iya yafewa, amma ƙarya da rantsuwa ba zai zauna da su ba. Ya mayar da ita Kalakla. Ubanta ya daina fita kasuwa. Ni ina nan, mata na shigowa suna cewa, "Hajja, ke ce mai gaskiya tun farko," ina karɓa da kai. Wace irin mace ce ni? Na ƙi fim don ba na son wasan ƙarya, ga shi ni nake yin sa a tsakar gidana, har ana yaba mini.

Jiya ƙanwarta ta kawo mini man shafawar da Nafisa ke haɗa mini saboda gwiwata. Wai Nafisa ta ce ta san nawa ya kusa ƙarewa, kuma in saka ta a addu'a, ni kaɗai ta san ba zan zarge ta a kan abin da ban gani ba. Yana nan a kan taga, na kasa buɗewa.

Juma'ar nan manya za su zauna, Usman ya ce a nan zai yanke. In na yi magana, zan tsaya gaban dattawan da na sha yi wa faɗa in ce ni na kai tsiraicin surukata gaban maza, na kuma bar ta ta ɗauki laifin. Ban san ko ɗana zai ƙara kirana Yumma ba. In na yi shiru, za a saki yarinyar da ba ta yi komai ba, kuma ni za a tambaya in sa albarka. In fara zuwa Kalakla in durƙusa mata, ko in kira Usman ɗaki tukuna? Me zan yi?